Lissafi zalla ko lissafin inshora? Ku ba ni shawara kan yarinyata

Baban Nana:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya yi magana. 'Yata ta fari ce za ta cike JAMB bana. Tun tana firamare lissafi ne abincinta. Ko shago ta zo lokacin hutu ita ke riƙe mana littafin bashi, sau biyu tana kama inda yarona ya yi kuskuren jimla. Ni da mahaifiyarta likita muka so, ta ce ko jinin kaza ba ta iya kallo, muka haƙura. Yanzu ta tsaya tsakanin biyu: ko lissafi zalla, ko wani kwas da malaminsu ya gaya mata wai akcuwariyal sayans. Ni sunan ma sai da ta rubuta min a takarda. Mene ne shi? Ana cin abinci da shi? Ɗan kasuwa ne ni, iyakata sakandare, ba na so in tura yarinya ta yi shekara huɗu ta dawo tana zaman jiran tsammani.

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka lallashe ta ta yi aikin jinya ko haɗa magunguna kawai. Duk wanda na sani da ya karanta lissafi alli yake riƙe da shi a makarantar kuɗi, albashin ko tsakiyar wata ba ya kaiwa.

Malam Mai Alli:
Sarki, ga ɗaya daga cikin masu allin ya iso. Shekarata 19 ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ban musa maka maganar albashi ba. Amma cikin waɗanda muka gama tare akwai na banki, akwai na hukumar ƙididdiga, akwai wanda ke rubuta manhajar kwamfuta daga ɗakinsa ana biyansa da dala. Ba ka ganinsu ne don ba a rubuta musu lissafi a goshi ba. Mu da muke aji mu ake gani.

Alhaji, abin da nake so ka fara ganewa shi ne, lissafin da Nana take ci a sakandare da wanda za ta tarar a jami'a suna ne kawai ya haɗa su. A sakandare dabara ake ba ka, a ce nemo x, ka bi matakai ka fito da amsa. A jami'a kuwa daga aji biyu sai ka ga lambobi suna ɓacewa daga allo. Tambayar ta koma ka kafa hujja cewa abu kaza gaskiya ne ko yaushe, ba don ka gwada sau goma ya yi ba. Ga misali. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kuma kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11. Za a ce ka tabbatar ba su da ƙarshe. Ƙirga ba za ta fisshe ka ba, ko shekara dubu za ka yi kana yi. Cewa za ka yi: mu ƙaddara suna da ƙarshe, mu ninka su duka da juna, mu ƙara ɗaya. Wannan sabuwar lamba duk wadda ka ɗauko cikin jerin ka raba ta da ita sai ɗaya ya yi saura. Ke nan akwai wata da ba ta cikin jerin, maganar ƙarshe ta rushe. Wani Bagirke mai suna Yuklid ya rubuta wannan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, har yau tana nan daram. Ka karanta mata ka kalli fuskarta. In ta yi murmushi 'yar gida ce. In ta ce "to sai me?", da sauran shawara.

Ɗan Aji Uku:
Wallahi Malam ya faɗi gaskiya, ni yanzu haka ina ciki tsundum. A ajinmu waɗanda suka nemi lissafi da kansu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauranmu injiniya ko kwamfuta muka nema aka jefo mu nan. Aji ɗaya lafiya lau, kalkulas ne da aljabara, abin da muka taɓa a SS3 ne aka faɗaɗa. A aji biyu muka yi karo da riyal analisis, kwas ɗin kafa hujjojin da kalkulas ya tsaya a kansu. Ranar farko malamin ya shigo ko gaisuwa babu, ya hau rubutu yana kafa hujjar cewa duk lambar da ka ninka da sifili, sifili za ta ba ka. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai tun firamare muka sani." Ya juyo ya ce, "An gaya maka dai. Yau ne za ka sani." Muka kwashe da dariya. Ranar da aka liƙa sakamako ba wanda ya yi dariya, ni kaina sai da na maimaita kwas ɗin. Efsilon da delta, alamomin da ake kafa hujjojinsa da su, sun hana ni barci zango guda. Ƙarfe biyun dare ina aji da fitilar waya, sauro na cin ƙafata, shafi ɗaya tal nake kallo. Ranar da abin ya buɗe min kuwa a layin ɗiban ruwa nake da bokiti, sai da na bar layin na koma ɗaki na rubuta kada ya gudu. Baba, in ita ta nema da kanta ta riga mu da rabin tafiya.

Maman Affan:
Salamu alaikum. Wata ƙawata ce ta turo min zancen nan ta ce in zo, don aikina ke nan. Lissafi na karanta, yanzu ina sashen akcuwari na wani kamfanin inshora a Legas. Alhaji bari in yi maka bayani da harshen kasuwa.

Ka ƙaddara 'yan adaidaita sahu 2,000 sun haɗu sun ce za su riƙa zubi, duk wanda kekensa ya yi haɗari a gyara masa daga asusun. Lambobin nan ni na ƙago su don misali. A ce cikin kowane 100, uku ne ke yin haɗari a shekara, gyaran kowane kuma naira 200,000. Mutum 60 ke nan, miliyan 12. In ka raba wa mutum 2,000, kowa zai zuba 6,000 a shekara. Wannan ko yaron shagonka zai lissafa. Aikin akcuwari yana farawa ne daga tambayoyin da ke biyo baya. Ukun nan daga ina ka samo ta, rajistar shekara nawa ka duba? Yaro ɗan shekara 19 da ya fara tuƙi jiya da dattijon da ya shekara goma a hanya, zubinsu ɗaya ne? In kayan gyara sun ninka kuɗi kafin shekara ta ƙare fa? In aka samu shekarar da 75 suka yi haɗari maimakon 60, nawa za a ajiye na ko-ta-kwana don kada asusu ya bushe? Wanda ya yi haɗari a Disamba bai kawo takarda ba sai Fabrairu, a lissafin wace shekara yake? Kullum abin da nake yi ke nan, ni da manhajojin kwamfuta na Excel da R, daga safe har yamma.

Asalin sana'ar ma da maganar rai ta kafu. A 1693 Edmond Halley, wanda ake kiran tauraro mai wutsiyar nan da sunansa, ya ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau, wanda yanzu yake cikin Polan, ya fitar da jadawalin da ke nuna cikin mutum kaza masu shekara kaza nawa ne kan kai baɗi. Har yau a kan irin wannan jadawali fansho yake tsaye. A dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10. In ya yi ritaya yana iya ba kamfanin inshorar rai kuɗin, su riƙa biyansa duk wata har ƙarshen rayuwarsa, shi ake ce wa anuwiti. To nawa za a riƙa ba mai shekara 60 a wata, yadda ba a cuce shi ba, kamfanin kuma bai karye ba in Allah ya ja kwanansa zuwa 95? Mu ake tambaya.

Abu Huzaifa:
Subhanallah. Wato mutum ya zauna a ofis yana lissafin yaushe bayin Allah za su mutu? Ajali ai gaibu ne. Sannan ita kanta inshorar malamai sun yi magana a kanta, akwai garari, wato rashin tabbas, akwai caca, akwai riba. Alhaji ka yi wa 'yarka zaɓin da ba za ka yi da-na-sani ba gobe kiyama.

Maman Affan:
Malam Abu Huzaifa, ba wanda ya san ranar wani, ni ko tawa ban sani ba. Ka je babbar maƙabarta a birni da safe, za ka tarar masu haƙa sun riga sun haƙa kaburbura kafin a kawo kowa. Ba su san wa za a kawo ba, sun dai san ba a wuni ba a kawo ba, sun kuma san kimanin nawa. Ba wanda ya taɓa ce musu bokaye. Iyakar abin da jadawalin yake faɗa ke nan, adadi a cikin taro, ba sunan mutum ba.

Almajirin Zaure:
Allah gafarta Malam Abu Huzaifa, mas'ala biyu ka haɗa wuri guda. Ta farko 'yar'uwa ta amsa. Ta biyu kana da gaskiya, amma ba ka kai ƙarshenta ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci akwai babban garari a cikinta, ba ta halatta ba. A wannan matsaya ɗin dai ta ce madadinta ita ce inshorar taimakekeniya, wadda aka gina kan kyauta da haɗin kai. Akwai ma irin su Shaihi Mustafa Zarƙa da suka halatta ta kasuwancin, duk da ba su ne mafi rinjaye ba. Ita ta taimakekeniyar tana da asali. Hadisin Ash'ariyawa yana cikin Bukhari da Muslim: in guzurinsu ya yi ƙasa sai su tattara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. Ga kuma aƙila, dangin da ke haɗa diyyar kisan kuskure.

A Sudan aka buɗe kamfanin takaful, wato wannan inshorar taimakekeniyar, na farko a 1979. A nan gida NAICOM, hukumar kula da inshora, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, yanzu ga Jaiz Takaful ga Noor Takaful da wasu. A takaful kuɗin zubi na masu zubi ne, kamfani wakili ne ana biyansa ladan wakilci, in an samu rara a ƙarshen shekara ana iya mayar musu. Wa zai faɗi ko rarar gaske ce, ko kuwa kuɗin diyyar da ba a kawo takardarta ba tukuna? Sai mai wannan ilimi. In muka hana 'ya'yanmu koyonsa, wa za mu ɗauko ya riƙe mana asusun?

Kuma lissafi ba baƙo ba ne a zauren malamai. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su kuma biyu bisa uku. Ka haɗa, bakwai bisa shida ne, ya fi dukiyar. A zamanin Sayyidina Umar aka warware da auli, aka raba bakwai, miji uku su huɗu. Littafin Alkhawarizmi da aka samo kalmar aljabara daga sunansa, babban ɓangarensa lissafin gado da wasiyya ne.

Abu Huzaifa:
Na karɓi maganar takaful, Allah ya ƙara ilimi. Amma a faɗa wa Alhaji gaskiya: karatun nan ba cike yake da lissafin kuɗin ruwa ba? Kuma kamfanonin takaful ɗin nawa ne da za su ɗauke kowa?

Maman Affan:
Ba zan ɓoye ba, haka ne. Akwai takarda sukutum da ba abin da ke cikinta sai yadda kuɗi ke hauhawa da kuɗin ruwa, da darajar naira ɗayar baɗi in an auna ta da ta yau. Kujerun aiki kuma mafi yawa suna kamfanonin da ba na takaful ba, ni ma a irinsu nake, kuma abin yana taɓa zuciyata, na yi tambaya a kai ba sau ɗaya ba. Sai dai wannan lissafin shi dai ake auna sukuk da shi, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, waɗanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. PenCom, hukumar fansho, ma ta buɗe asusun fansho marar kuɗin ruwa, wanda ake kira asusu na shida. Ƙofofin suna buɗewa a hankali. Hukuncin kuwa na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Admin:
Jama'a mun gode, amma kada mu mayar da wurin zauren fatawa. Alhaji kwas ya tambaya. A koma kan hanya.

Jikar Mai Goro:
Bari ni in yi magana, don ni akcuwariyal ɗin na karanta, ba labari aka ba ni ba. Baba, abin da ba wanda ya gaya mana lokacin da muke cike fom shi ne: digirin ba ya mayar da mutum akcuwari. Sai da na kai aji uku wani da ya zo daga Legas ya yi mana lacca na ji cewa akwai wasu jarrabawoyi na ƙwararru daban, na ƙasar waje, waɗanda sai ka ci su ake kiranka da sunan. Ranar nan a ɗaki na yi kuka. Muna ta murna mu za mu fito manya, ashe ko bakin ƙofa ba mu kai ba. Na gama, na yi bautar ƙasa, yanzu ina banki a sashen ba da bashi. Ba na ƙorafi, Alhamdulillahi, amma da na sani tun aji ɗaya da na fara tara kuɗin takardar farko.

Baban Nana:
Ikon Allah. Wato bayan digirin akwai wani karatun kuma? Hajiya Maman Affan, yaya abin yake?

Maman Affan:
Haka ne Alhaji, kuma nan ne gizo ke saƙar. Manyan ƙungiyoyin da 'yan Najeriya suka fi bi biyu ne: IFoA ta Birtaniya da SOA ta Amurka. Akwai ta Afirka ta Kudu ma. A gida muna da ƙungiyar akcuwari ta Najeriya da ke haɗa mu. Ni ta Amurka nake bi. Takardar da aka fi farawa da ita sunanta P, lissafin yiwuwa ne zalla, tambaya 30 cikin awa uku a kwamfuta. Daga nan FM, ta lissafin kuɗi. Su na Birtaniya sau biyu suke zama a shekara, Afrilu da Satumba. Kafin mutum ya kai matakin ƙarshe takardu ne fiye da goma, kuma yana aiki yana karatu ne, ba zama aji ba. Ni shekarata biyar ina yi, na faɗi ɗaya sau biyu. Bayan sallar asuba nake karatu awa biyu kafin yara su tashi, don in na dawo daga cunkoson Legas da dare ba abin da ke shiga kaina.

Kuɗin kuma da dala ko fam ake biya. Tun da aka saki naira a 2023, abin da na biya a takardar farko ya ninka fiye da sau biyu in ka mayar naira. Sauƙin da ake samu shi ne kamfanoni da dama suna biya wa ma'aikacinsu, su ba shi hutun karatu, su ƙara masa albashi duk takardar da ya ci. Amma kafin su ɗauke ka suna son su ga ka ci ɗaya ko biyu da kanka.

Abin da ya shafi tambayarka kai tsaye: ba a ce sai mai digirin akcuwariyal ne zai zauna jarrabawar ba. Mai lissafi, mai ƙididdiga, mai tattalin arziki, injiniya, duk suna yi. A ofishinmu masu lissafi da ƙididdiga sun fi yawa. Wasu jami'o'in ƙasar waje suna da yarjejeniya da ƙungiyoyin nan, in ka ci kwas ɗinsu da maki mai kyau a yafe maka wasu takardu. Duk jami'ar da za ta nema a tambaye su wannan baki da baki, kada a ɗauka akwai.

Sarkin Gardama:
Duk na ji. Amma mu nan Arewa wa ke yin inshora? In ban da takardar mota ta naira 15,000 da ake saya don 'yan sanda, ban san wanda ya taɓa shiga ofishinsu ba. Yarinya ta sha wannan wahala duka ta zo ta yi wa wa lissafin?

Baban Nana:
Nan kam Sarki ka taɓo gaskiya. Lokacin gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 na san mutanen da suka kwana da dukiya suka wayi gari ba su da ko allura. Cikin waɗanda na sani ba mai inshora ko ɗaya. Jira aka yi ta yi a ga abin da gwamnati da masu hali za su kawo.

Maman Affan:
To ai shi ya sa aikin yake Legas, sai ɗan abin da ke Abuja. Wannan ma a sa shi a ma'auni tun yanzu, musamman ga 'ya mace, kada sai ta gama a ce ba inda za ta. Amma ba inshorar mota kaɗai ba ce. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, kowace tana bukatar wanda zai gaya mata ko zubin da ake cira zai ɗauki maganin da ta yi alkawari. Daga Janairun 2023 an koma sabon tsarin rubuta asusun kamfanonin inshora, IFRS 17, wanda ba ya yiwuwa sai da mu. Waɗanda suka kammala jarrabawar a ƙasar nan kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai, har daga waje ake ɗauko masu sa hannu. Wanda ya ci ko rabi ba ya rasa wurin zama. Wanda ya tsaya a digiri kaɗai kuwa layi ɗaya yake bi da kowa.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar yaro mai ƙarfin lissafi Bak C yake yi, wato jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren lissafi, sannan ya tafi jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko wata. Harkar asurans, wato inshora, kuma doka ɗaya muke bi da sauran ƙasashen CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a yankinmu, makarantar da ke horar da ma'aikatanta tana Yawunde. Matsalar dai iri ɗaya ce, mutanenmu sai jandarma ya tsayar da su suke tunawa da ita.

Malam Mai Alli:
Sannu ɗan'uwa. Alhaji, in ni ne, lissafi zalla zan ce ta cike. Dalilina, daga lissafi ana iya gangarowa akcuwari, Hajiya ga ta nan shaida. Daga akcuwariyal kuwa da wuya a hau zuwa zurfin lissafi, don ba a ba su analisis da aljabarar da ake ba mu. Yarinya 'yar shekara 17 ba ta gama sanin abin da take so ba, a bar mata ƙofofi a buɗe. In ta fito da sakamako mai kyau akwai AIMS, cibiyar nazarin lissafi da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Gana da Kamaru da Senegal da Ruwanda, suna ɗaukar nauyin digiri na biyu gaba ɗaya. Kuma a daina cewa lissafi ba namu ba ne. Muhammadu Alkatsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lambobi da har yau masana tarihin lissafi ke ambato. Farfesa Iya Abubakar da lissafi ya yi suna kafin ya shugabanci ABU a shekarun 1970.

Jikar Mai Goro:
Malam ban yarda da kai duka ba. Mu ma an ba mu abin da ba a ba ku. Mun yi akanta, mun yi tattalin arziki, mun yi dokar inshora, mun yi lissafin rayuwa da fansho tun muna makaranta. Mai lissafi zalla yakan zo ofis bai san bambancin kadara da bashi a takardar asusu ba, na gani da idona. In yarinyar ta tabbata harkar kuɗi take so, me zai sa ta shekara tana fama da abin da ba za ta taɓa amfani da shi ba? Jami'ar Legas ta daɗe da sashen, ABU ma tana da shi. Sharaɗi ɗaya ne, ta shiga da idonta a buɗe, ta fara P tun tana aji biyu, ta koyi Excel da Python da kanta ko an koyar ko ba a koyar ba.

Ɗan Aji Uku:
Anti "abin da ba za ta taɓa amfani da shi ba" ɗin nan ya yi min zafi fa, ina da jarrabawarsa ranar Litinin.

Malam Mai Alli:
Allah ya ba da sa'a ɗana. Alhaji, wani abu mai muhimmanci: darussan JAMB huɗu ne har da Turanci, kuma abin da sashen lissafi ke nema ba lallai ya zo ɗaya da na akcuwariyal ba, wancan yakan so fiziks, wannan yakan so tattalin arziki. Ku buɗe kundin JAMB ku duba jami'ar da kuke so kafin a danna komai, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma ɗan gwaji, a kai mata. Mu ɗauki misalin Hajiya, amma 'yan adaidaitan su 20 ne kacal. Kowa ya zuba 6,000, asusu ya tashi 120,000, haɗari ɗaya tak ya isa ya fasa shi. Mene ne yiwuwar a samu aƙalla haɗari ɗaya a shekarar? Kowa ma yana iya gwadawa.

Sarkin Gardama:
Wannan ai ba sai an je jami'a ba. Uku sau ashirin, kashi 60 cikin 100. A ba ni digirina.

Baban Nana:
Assalamu alaikum, Nana ce, Abba ya ba ni wayar. Ina gaida iyayena da yayyena. Baba Sarki ka yi haƙuri, ba 60 ba ne. In haka ake yi, da su 40 ne sai ya zama kashi 120, kuma ba abin da ke wuce 100. Ni ta baya na bi. Yiwuwar mutum ɗaya ya gama shekara lafiya 0.97 ne. Su duka 20 su gama lafiya, sai a ninka 0.97 da kansa sau 20, na samu wajen 0.544. In an cire daga ɗaya saura 0.456, wato kusan kashi 46. Malam, hujjar lambobin nan kuma na karanta, amma sai da na gwada da 2, 3, 5, 7, 11, 13 na samu 30031, kuma ita tana rabuwa, 59 sau 509 ce. Na ɗauka hujjar ta karye, sai daga baya na lura ai 59 ɗin ba ta cikin jerin nawa.

Malam Mai Alli:
Alhaji, ban ce a gwada wannan ba, ita ta kai kanta. Ni na gama magana.

Maman Affan:
Nana amsarki daidai ce, amma akwai abin da kika ɗauka ba ki faɗa ba: cewa haɗarin wani bai shafi na wani ba. In duk kekunan 20 a gareji ɗaya suke kwana, wuta ta tashi cikin dare fa? Ko ruwa ya zo irin na Maiduguri a 2024? Ki yi tunani a kai, ki gaya min me zai faru da ninkawar da kika yi. Alhaji in ka amince zan turo maka tsofaffin tambayoyin P ta akwatinka, SOA da kansu suke sakinsu kyauta, ta fara wasa da su.

Sarkin Gardama:
Ni dai har yanzu aikin jinya na ce. Amma 46 ɗin na karɓa.

Baban Nana:
Na amince Hajiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ta ce lissafi za ta sa a zaɓin farko. Mahaifiyarta kuma tana gefe tana ji, ta ce karatu ta yarda, amma maganar Legas sai an sake zama. Jibi za mu je wurin cike fom ɗin. Yanzu haka ta ɗauke min kalkuletar shago ta shige ɗaki da maganar garejin nan.